"Inzimat sun hau": me ke faruwa a cikin tsokar zuciya bayan jalɗa (bugun zuciya)?

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon ƙirji ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, a Makka ko Jidda ya san yadda abin yake, a ɗebi jini, a jira, can likita ya fito ya ce inzimat na zuciya sun hau sai an kwantar da shi. Daga nan sai waya ta ɗau zafi. Wani ya ce ai inzim ɗin ne ya kawo ciwon, wani ya ce a nemo maganin da zai sauke shi, wata kuma ta turo saƙo a WhatsApp wai masana a Turai sun gano inzim ɗin da ke kashe zuciya kuma magani ya kusa fitowa kasuwa. An cakuɗa abubuwa biyu ne a nan. Abin da ake aunawa a jini shaida ce kawai cewa ɓarna ta riga ta faru. Masu yin ɓarnar, da masu ƙoƙarin hana ta, suna can cikin ƙwayar tsokar zuciyar kanta, a wani ɗan wuri da ake kira maitokondiriya.

## Abubuwa uku da sai an gane su tukuna

Inzim furotin ne da jiki ke ƙerawa don ya hanzarta wani aiki guda, wannan ya fasa sukari, wancan ya yanka kitse, wani ya kwashe guba. Dubbai ne a jiki kuma ba cuta ba ne, in babu su ba rayuwa.

Maitokondiriya kuwa wasu ƙananan jakunkuna ne a cikin ƙwayar halitta, a nan ake ƙona abinci da iskar oksijin a fitar da wani sinadari mai suna ATP, wanda shi ne makamashin da tsoka ke kashewa duk sanda ta motsa. Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a rana ba hutu, shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin kowace ƙwayar tsokarta maitokondiriya ne. Kuma ba ta da ajiya, ATP ɗin da ke hannunta na 'yan daƙiƙoƙi ne, ana yi ana kashewa. A bangon ciki na jakar akwai jerin manyan inzimat guda biyar, mu kira su tashoshi. Huɗun farko suna miƙa wa juna ilektiron, wato 'yan ƙwayoyin lantarki da aka zaro daga abinci, har ya isa ga oksijin a tasha ta huɗu, ƙarfin da ya taru kuma shi ke juya ta biyar, wadda a zahiri juyawa take yi tana haɗa ATP. Aikin gano yadda take juyawar ne ya ba Paul Boyer da John Walker kyautar Nobel a 1997.

Sai jalɗa, wadda a gida ake ce wa bugun zuciya. Kitse ya daɗe yana taruwa a bangon jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya, rana ɗaya wurin ya tsage, jini ya daskare a kai ya toshe hanya. Duk tsokar da ke gaba da wurin ta rasa oksijin kenan.

## Abin da ke cikin takardar gwaji

Tun 1954 likitoci suka lura cewa in ƙwayar zuciya ta mutu kayan cikinta na zubowa cikin jini. Na farko da aka auna inzim ne mai suna AST, daga baya LDH, sannan CK-MB wanda ke fara hawa bayan awa 4 zuwa 6, ya kai ƙololuwa wajen kwana ɗaya, ya sauka cikin kwana biyu zuwa uku. Yau abin da aka fi dogara da shi turoponin ne, tun shekarar 2000 aka mai da shi ma'auni na farko, kuma shi ba ma inzim ba ne, wani furotin ne na cikin zaren tsoka, sunan "inzimat" ne dai ya zauna a bakin mutane har da ma'aikatan asibiti. Yana iya ɗaukar awa biyu ko uku kafin ya bayyana sosai, shi ya sa ake maimaita gwajin kuma a hana mutum tafiya gida ko da na farko ya fito lafiya. Yana kuma iya kai sati ɗaya zuwa biyu bai sauka ba. Babu wani magani na sauke shi kuma ba a buƙata, in ɓarnar ta tsaya da kansa zai sauka.

## Sa'ilin da jini ya yanke

Oksijin na ƙarewa tasha ta huɗu ta tsaya, na bayanta duk su cushe. Ƙwaya ta koma fasa sukari ba tare da oksijin ba, hanyar da ke ba da ATP 2 kacal a kan kowane ƙwayar sukari maimakon wajen 30, ga kuma tsami da take tarawa. Don ta rage tsamin sai ta riƙa musanya shi da sodiyam, famfon da ke fitar da sodiyam kuma ATP yake ci ga shi babu, sodiyam ya taru, shi kuma ya jawo kalsiyam ya cika ƙwayar. Abin da ya fi ban mamaki, tasha ta biyar sai ta juya da baya, maimakon ta haɗa ATP sai ta koma cin ɗan abin da ya rage don ta riƙe cajin bangon jakar, wato ƙarfin nan da tashoshin ke tarawa, kar ya zube.

A wannan halin ƙwayar ta daina bugawa amma ba ta mutu ba. Mutuwar da ba dawowa tana farawa ne bayan minti 20 zuwa 30, daga ɓangaren ciki na bangon zuciya tana yaɗuwa zuwa waje a tsawon sa'o'i, kamar yadda Keith Reimer da Robert Jennings suka nuna a jikin karnuka a 1977. Kuma tsokar da ta mutu tabo ne ke maye gurbinta, domin zuciyar babba ba ta sabunta ƙwayoyinta sai kusan kashi 1 cikin 100 a shekara, da tsufa ma ƙasa da haka.

## Mintunan farko bayan an buɗe jijiya

Nan ne maganar ta fi rikitar da mutane, don hankali zai ba ka cewa da zarar an yi gasɗara, wato an zura siririn bututu an buɗe jijiyar, an sa da'ama, ɗan ragar ƙarfen da ke riƙe ta a buɗe, jini ya dawo, shi kenan an tsira. An tsira da mafi yawa, gaskiya ne, amma dawowar jinin ita ma da nata ɓarnar. Wanda ya zauna a Kano ko Sakkwato ya san ɗauke wuta na lalata abin da ke cikin firji, amma sau da yawa abin da ke ƙona firjin kansa shi ne lokacin da aka dawo da ita da ƙarfi. Jennings ya fara bayyana wannan tun 1960, kuma a gwaje-gwajen dabbobi an ƙiyasta cewa har kusan rabin tsokar da ke mutuwa a ƙarshe tana iya zama ta dalilin wannan zagaye na biyu.

An daɗe ana cewa oksijin ne ke dawowa ya rikiɗe ya zama mai ƙuna, amma ba a san takamaiman inda wutar ke tashi ba sai 2014, lokacin da masu bincike a Kambirij ta Ingila, Edward Chouchani da Michael Murphy da Thomas Krieg da abokan aikinsu, suka duba sinadaran da ke taruwa a zuciya da ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta in jini ya yanke, suka ga akwai guda ɗaya na maitokondiriya da ke taruwa a dukkansu, sunansa saksinet. Shi abinci ne na tasha ta biyu, inzim ɗin da ake kira SDH. Muddin ba oksijin saksinet tara kansa yake yi, jini na dawowa kuma SDH ta far masa gaba ɗaya cikin 'yan mintuna, ilektiron ya yi yawa har hanyar gaba ta kasa ɗauka, sai ragowar ya koma da baya ta tasha ta ɗaya, can ya zube kan oksijin ya haifar da wani nau'insa mai ƙona duk abin da ya taɓa, kitsen bango ne ko furotin ko ƙwayar gado. Da suka ba ɓeraye wani sinadari mai suna malonet wanda ke taka wa SDH birki na ɗan lokaci, tsokar da ta mutu ta ragu sosai. Daga baya wasu a Basalona ta Sifen suka ga irin haka a jikin aladu, waɗanda zuciyarsu ta fi kusa da ta mutum a girma.

Ko a nan akwai saɓani. 'Yan Kambirij sun ce SDH ce da kanta ke juyawa da baya tana ƙera saksinet ɗin lokacin da jini ya yanke, ɗakin binciken Paul Brookes a Rochester ta Amurka kuma a 2018 suka ce a'a, mafi yawansa ta hanyar da aka saba yake zuwa, fita ce dai ya rasa. Amma duka ɓangarorin sun yarda yana taruwa, kuma an auna shi a jinin mutanen da ake wa gasɗarar gaggawa an ga yana fita daga zuciya.

Mataki na ƙarshe shi ne wata ƙofa a bangon ciki na maitokondiriya. A lafiyayyar ƙwaya a rufe take. Kalsiyam mai yawa da wannan oksijin mai ƙuna su ne ke buɗe ta, amma abin lura, tsamin da ya taru lokacin da jini ya yanke shi ke riƙe ta a rufe, sai jini ya dawo ya wanke tsamin sannan ta buɗe. Tana buɗewa cajin ya zube, ruwa ya shiga, jakar ta kumbura ta fashe, ƙwayar ta mutu. Mai sauƙaƙa buɗewar wani inzim ne da ake kira saikilofilin D, kuma a 2005 aka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa shi ɓarnar jalɗa a zuciyarsu ta fi ƙanƙanta. Ita ƙofar kanta har yau ana jayayya a kan da me aka yi ta, Paolo Bernardi na Padua a Italiya ya ce tasha ta biyar ce ke rikiɗewa ta zama rami, ɗakin binciken John Walker kuma suka cire sassanta suka ce ƙofar ba ta daina buɗewa ba.

## Masu tsaron gida

Ba duka inzimat ne ke ɓarna ba. A cikin jakar akwai SOD2 da ke kama oksijin mai ƙunar nan ya mai da shi wani abu mai sauƙi, wasu su ƙarasa shi ya zama ruwa. Akwai PINK1 da Parkin da ke yi wa jakar da ta lalace alama a kwashe ta kafin ta cutar da saura. Sai ALDH2, wanda ke share gubar da ke fitowa in kitsen bango ya ƙone. A 2008 ɗakin binciken Daria Mochly-Rosen a Jami'ar Stanford suka samo sinadarin da ke ƙara masa ƙarfi, Alda-1, ya rage mutuwar tsoka da kusan kashi 60 cikin 100 a jikin ɓeraye. Wannan ALDH2 ɗin dai shi ne ke kunna ƙwayar nan da ake sawa ƙarƙashin harshe, naitirogilisarin, kuma yawan shan ta ba hutu na gajiyar da shi, yana cikin dalilan da ke sa ta rage aiki ga wanda ya daɗe a kanta. Wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Sin da Japan da Koriya da raunannen irinsa aka haife su.

Zuciya ma tana da dabarar shirya kanta. A 1986 Charles Murry da Jennings da Reimer suka toshe jijiyar kare na minti 5 suka sake, sau huɗu, sannan suka toshe ta minti 40, ɓarnar ta zo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ta karen da ba a yi wa haka ba. Ƙananan toshewar sun tada jerin inzimat da ke sa waccan ƙofar ta yi wuyar buɗewa.

## To ina maganin?

Tambayar da ta dace kenan, amsar kuma ita ce har yanzu babu shi a asibiti. Saikilosiforin, maganin da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda, yana kama saikilofilin D. A 2008 aka gwada shi a Faransa kan mutum 58 kafin a buɗe musu jijiya, sakamakon ya ba da fata, amma da aka faɗaɗa zuwa kusan mutum 970 a gwajin CIRCUS na 2015 bai rage mutuwa ko gazawar zuciya ba. Wasu magunguna biyu da aka ƙera musamman don maitokondiriya su ma haka suka ƙare a 2015 da 2016. An gwada dabarar Murry ta hanya mai sauƙi, a hura abin awon hawan jini a dantse a saki sau huɗu, a kan mutum 5,401 a Turai, sakamakon 2019 ya nuna ba bambanci. Bitamin E da ake ta yabo bai yi komai ba a manyan gwaje-gwajen 1999 da 2000. Hatta ƙarin oksijin ta hanci, binciken Suwidin na 2017 mai mutum sama da 6,600 ya nuna ba ya ƙara komai ga wanda oksijin ɗin jininsa ke daidai.

Masana sun rabu a kan fassarar wannan. Wasu na ganin ɓarnar zagaye na biyu a jikin mutum ba ta kai yadda ɓera ya nuna ba, kuma gasɗarar zamani ta riga ta rage mutuwa sosai har ɗan ƙarin da wani magani zai kawo ba zai fito fili ba. Wasu kuma na cewa ilimin daidai yake, gwajin ne da gyara, ɓerayen ɗakin bincike matasa ne lafiyayyu, mai jalɗa kuwa dattijo ne mai sukari da hawan jini yana shan magani biyar, ga shi ɓarnar a mintunan farko take faruwa, maganin da bai riga jini isa cikin jakar ba ya makara, kuma jinin da aka toshe ne ya kamata ya kai shi. Suna ƙara da cewa an yi gwaje-gwajen ne a ƙasashen da ake kai mutum gasɗara da wuri, inda dama haɗarin kaɗan ne, shi ya sa aka tsara wani gwajin na hura dantse a ƙasashen Afirka, har da Sudan, inda yawancin marasa lafiya allurar narkar da jini kawai suke samu. Hujjar ɓangare na biyu tana da ƙarfi, amma wanda ke kwance a gado yau hukuncin ɗaya ne, duk saƙon da ya ce an samu maganin da ke gyara maitokondiriya bayan jalɗa ya yi gaba da abin da aka tabbatar.

## Bayan an sallamo shi

Tsokar da ta tsira ita ke ɗaukar aikin wadda ta mutu. Lafiyayyar zuciya mafi yawan makamashinta daga kitse take samu, wadda ta jigata kuma inzimat masu ƙona kitse suna raguwa a cikinta, ajiyar makamashi ta yi ƙasa, a hankali ɗakin zuciyar ya buɗe ya yi laushi. Wannan ne hanyar zuwa gazawar zuciya, haki da kumburin ƙafa da kasa kwanciya rigingine.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, jakar maganin da ake ba mutum ranar sallama yawancinta masu taka wa inzim birki ne. Asfirin yana kashe inzim ɗin da ke sa ƙwayoyin jini mannewa. Maganin kolestarol na dangin statin yana tare wanda hanta ke ƙera kolestarol da shi. Su lisinofiril da ramifiril suna tare wanda ke matse jijiyoyi, kuma an tabbatar suna rage buɗewar zuciyar nan. Waɗannan an gwada su a kan dubban mutane an ga sun rage mutuwa.

Akwai maganar CoQ10 da ake sayarwa a saidaliyya, wato kantin magani, da tsada. Gaskiya ne shi ke ɗaukar ilektiron tsakanin tashoshin nan, kuma gaskiya ne statin na rage shi a jini tunda hanyar ƙera su ɗaya ce. Wani gwaji na 2014 mai mutum 420 masu daɗaɗɗiyar gazawar zuciya ya nuna amfani, sai dai ƙarami ne kuma ba a kan sabuwar jalɗa aka yi shi ba, bai kuma shiga jerin magungunan dole ba. Wanda ya ajiye statin ya koma kansa ya bar tabbas ya kama wataƙila.

## Abin da ya rage a hannun mutane

Yawan saksinet da kalsiyam da ke taruwa, da yawan ƙwayoyin da za su kai gaɓar da ba dawowa, duk tsawon lokacin toshewar ne ke yanke su, kuma wannan lokacin mafi yawansa a gida ake ɓata shi ba a asibiti ba. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, ya bi hannu ko muƙamuƙi ko baya, da zufa mai sanyi, sai a ce olsa ce ko iska, a kawo zuma da habbatus sauda, a ce Baba ya ɗan kwanta zuwa bayan Isha a gani. Masu ciwon sukari, ga shi kuma yana da yawa a cikinmu a nan, da mata da tsofaffi, sau da yawa ma ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai dai haki ko amai ko wata irin kasala ta farat ɗaya. Wasu kuma tsoron kuɗi ne ko matsalar iƙama, takardar izinin zama, ke sa su jinkiri, kuma damuwa ce ta gaske, sai dai tsokar da ta mutu a awannin ba a sake samun ta, jinyar gazawar zuciya ta shekaru kuma ta fi komai cin kuɗi.

Lambar Hilal Ahmar, masu motar agajin gaggawa a Saudiyya, 997 ce, a yankin Makka 911 ma tana aiki. Motar is'af, wato ambulan, ta fi a ɗauko shi a motar gida, don suna iya yin takhɗiɗ, wato awon lantarkin zuciya, tun a hanya, suna da na'urar farfaɗo da zuciya in bugunta ya rikice, kuma sun san asibitin da ke da ɗakin gasɗara a buɗe. Ƙa'idar likitoci ita ce a buɗe jijiya cikin minti 120 daga gano ciwon, in ba zai yiwu ba a yi allurar narkar da jini, wadda ita ma inzim ce, kuma ta fi aiki a awa biyu zuwa uku na farko. Mai ƙwayar ƙarƙashin harshe in ya sa ɗaya minti 5 ciwon bai lafa ba to ya kira, ba ta narkar da jinin da ya daskare. Alhazai kuwa a lokacin Hajji ana yi musu gasɗara kyauta a asibitocin gwamnati irin su Madinatul Malik Abdullah da ke Makka, don haka masu masauki da 'yan uwa da ke hidimarsu kar su tsaya neman wanda zai biya.

Wanda aka sa wa da'ama kuma, magungunan hana daskarewar jini guda biyu da aka ba shi, shan su tare yawanci na shekara guda ne, ajiye su da wuri na iya toshe da'amar a koma gidan jiya. In azumi ya matso ko zai yi tafiya gida, ya koma wurin likitansa a gyara masa lokutan sha, ya kuma tafi da maganin da zai ishe shi har ya dawo.